Madubin bindiga ba na leƙen daji ba ne

Duk wanda ya sayi bindigar farautar barewa, tambayar da ke biyo baya guda ɗaya ce: wane madubi zan ɗora mata? Galibi ma da lamba a ransa tun kafin ya buɗe baki. Ya ga wani mai jawo abu kusa har sau 24, da ƙaton gilashi a gaba da abubuwan murɗawa ta ko'ina, ya ƙudurta cewa ranar da ya mallake shi barewa ta shiga uku. Ni in aka kawo mini wannan tambayar, wata nake mayarwa: kana da tabarau na hangen nesa, mai ido biyu, irin wanda ake ratayawa a wuya? In aka ce babu, sai in ce to a jingine zancen madubi tukuna, a je a nemo shi.

Wasu sukan ɗauka kauce wa tambayar nake yi. Madubi a jikin bindiga yake ɗaure, duk inda ya kalla nan bakin bindiga ya kalla. Ke nan duk sa'ad da ka ji motsi a cikin sarƙaƙiya ka ɗaga bindiga don ka leƙa ka ga ko mene ne, ka riga ka auna abin da bindiga mai harsashi a ciki, alhali ba ka san shi ba. In barewa ce, ka ci sa'a. In mutum ne, ka saita ɗan Adam, kuma abin da ya rage tsakaninsa da lahira bai wuce makullin bindigarka da natsuwar yatsanka ba. Kanar Jeff Cooper, Ba'amurken nan da ya yi suna wajen koyar da harbi, ya dunƙule ladubban riƙe bindiga a ƙa'idoji huɗu: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, kada bakinta ya fuskanci abin da ba ka shirya hallakawa ba, yatsa ba ya hawa kunama sai saiti ya zauna a kan abin harbi, ka tabbatar da abin da za ka harba da abin da ke bayansa. Mai leƙen daji da madubi ya take ta biyu wai don ya cika ta huɗu.

An taɓa yi mini. Ina gangarowa daga wani tudu da hantsi, sanye da rigar nan mai ruwan lemo da ake hangowa tun daga nesa, sai na ga ƙyallin gilashi a gindin wata bishiya can ƙetaren kwari. Da na ɗaga tabarau, sai ga mutum a durƙushe, kuncinsa manne da gindin bindiga, bakinta yana kallona. Na ɗaga hannu na yi magana da ƙarfi, ya sauke. Da muka haɗu a kan hanya daga baya, fara'arsa yake yi abinsa, wai ai duba ni kawai ya yi, kuma makulli a rufe yake. Ban mayar masa da fara'ar ba. Makulli ɗan ƙarfe ne da hannun mutum ya ƙera. Yana lalacewa, yana gocewa in ya gogi reshe ko igiyar jaka, kuma sau da yawa mutum zai rantse a rufe yake alhali babban yatsansa ya buɗe shi tun lokacin da ya ji motsin farko, bai ma sani ba.

Shi ya sa nake cewa kuɗin farko na tabarau ne. Nawa 8x42 ne, wato mai jawo abu kusa sau 8 da gilashin gaba mai faɗin milimita 42, kuma ban taɓa jin ya gaza mini ba a dajin da ke da bishiyoyi. Da ido biyu kake kallo, filin da kake gani yana da faɗi, kana iya kafa wa wuri ɗaya ido na mintoci ba tare da hannu ya gaji ko kai ya ɗau ciwo ba, bindiga kuwa tana rataye a kafaɗa bakinta yana kallon sama. Sharaɗi ɗaya ne: ya kasance a ƙirjinka, a ɗaure da maɗaurin da ke hana shi lilo. Tabarau da ke cikin jakar baya da babu duk ɗaya, domin a lokacin da wani abu ya motsa hannu zai kai ga abin da ya fi kusa ne, in bindiga ce ta fi kusa ita za ka ɗaga.

To, a zo kan madubin. Lambobin da ake rubutawa a jikinsa, misali 3-9x40, ba su da wuyar ganewa. Biyun farko suna nufin yana jawo abu kusa daga sau 3 zuwa sau 9, gwargwadon yadda ka murɗa zoben da ke bayansa. Ta ƙarshen kuwa faɗin gilashin gaba ce a milimita. A kan 4, barewar da ke nisan mita 200 za ta bayyana maka kamar tana mita 50. Akwai mai lafiyar ido da zai kasa gane kafaɗar barewa a mita 50? Wurin da ake so harsashi ya shiga, wato huhu da zuciya, bayan ƙafar gaba kaɗan, faɗinsa ya kai kusan santimita 20. Ba sai ka ƙirga gashin jikinta ba kafin ka sa harsashi a nan.

Abin da masu talla ba sa ɗaga murya a kansa shi ne abin da kake rasawa a madadin jawowar. Duk ƙarin da ka yi, filin da kake gani tsukewa yake. Madubin 3-9x40 na yau da kullum, in yana kan 3, yana nuna maka fili mai faɗin kamar mita 11 a nisan mita 100. Ka murɗa shi zuwa 9, filin ya koma kamar mita 4. Yanzu ka matso da lissafin zuwa mita 30, wanda shi ne irin nisan da barewa ke ɓullo wa mutum a cikin kurmi: a kan 9, abin da ke cikin gilashinka bai kai mita ɗaya da rabi ba. Barewar ma da ƙyar ta shiga gaba ɗaya. Gashi ruwan ƙasa za ka gani ya cika maka ido, ba ɗanta da ke tsaye a bayanta, ba mutumin da ya fito ta hagu yana tafiya zuwa layin harsashinka. Kamar mai leƙen ɗaki ta kafar makulli ne, abin da ya gani gaskiya ne, amma ɗakin bai gan shi ba.

Ga kuma rawa. Madubi ba barewa kaɗai yake ƙara wa girma ba, har da bugun zuciyarka da numfashinka. A kan 12 ko 16, in ba a kan wani abu ka ɗora bindigar ba, za ka ga gicciyen saiti yana yawo daga wuya zuwa ciki. Rawar nan tana nan ko a kan 3, sai dai ba ta tsorata ka. Da mutum ya gan ta ƙuru-ƙuru sai ya fara ƙoƙarin fizgar kunama daidai lokacin da gicciyen ya gifta kafaɗa, kuma fizga ita ce uwar kuskuren harbi.

A kan bindigata, wadda ke cin harsashin .308, madubin 2-7x33 ne. Mai farauta a gauraye, yau kurmi gobe bakin gona, 3-9x40 ya ishe shi har ya yi saura. Wanda farautarsa ta fili ce fetal ko ta duwatsu, inda harbin mita 250 ba abin mamaki ba ne, in ya ɗauki mai kaiwa 12 ba zan yi masa gardama ba. Fiye da haka kayan filin gasa ne, inda takarda ke tsaye cak tana jiranka, ba ta da ɗa, ba kowa a bayanta. Kowanne ka zaɓa, ka saba da barinsa a kan mafi ƙanƙantar lamba yayin da kake tafiya. Barewar da ke nesa za ta ba ka lokacin ƙarawa, ta kusa ba za ta ba ka lokacin ragewa ba.

Sai maganar haske, wadda ita ce hujjar masu son ƙaton gilashi, kuma ba hujjar banza ba ce. Barewa dabbar duku-duku ce da almuru, a waɗannan lokutan ta fi fitowa kiwo. In ka riƙe madubi nesa da fuskarka ka fuskanci haske, za ka ga ɗan ɗigon haske a gilashin baya. Faɗin wannan ɗigon shi ne faɗin gilashin gaba a raba shi da ƙarfin jawowa. Gilashi mai milimita 40 a kan 9 yana ba da kusan milimita 4.4, a kan 6 kuwa kusan 6.7. Ƙofar da haske ke shiga a tsakiyar baƙin ido tana buɗewa har wajen milimita 7 a duhu in mutum matashi ne, tana kuma raguwa da shekaru har ta tsaya wajen 5 ko ƙasa da haka. Daga wannan lissafin ne maharban Jamus da maƙwabtansu suka saba da 6x42 da 8x56, dukansu suna ba da 7 cif, domin su mutanen dako ne a kan kujerar sama har duhu ya yi. Amma dattijon da idonsa ba ya wuce 5, in ya sayi mai 56, rarar hasken a gefen idonsa take zubewa, sai nauyi da ya ƙara wa kansa. Ƙaton gilashi kuma dole a ɗaga shi sama da jikin bindiga, kunci ya rabu da mazauninsa, saiti ya ɗau lokaci. In magariba ta kawo kai, rage lamba ya fi sauƙi kuma kyauta ne.

Abin da ya fi girman gilashi tasiri shi ne ingancinsa da irin shafen da aka yi masa. Kowace fuskar gilashi da ba a shafa wa komai ba tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya same ta, kuma a cikin madubi ɗaya gilasai da yawa ne a jere, kowanne da fuska biyu. A 1935 ne Alexander Smakula, masanin kimiyya a kamfanin Zeiss, ya gano yadda ake yi wa gilashi siririn shafe da ke rage wannan asarar, kuma tun daga nan gasar masu ƙera madubi ta koma kan shafe. Shi ya sa mai milimita 40 na ƙwarai yakan fi mai 50 na araha haske da almuru. In za ka gwada biyu, kada ka gwada su a ƙarƙashin fitila, ka fita da su waje bayan rana ta faɗi ka kalli inuwar gindin bishiya.

Amma a nan nake da ja da masu yabon haske. Madubi mai kyau yana tsawaita lokacin da za ka iya saiti fiye da yadda yake tsawaita lokacin da za ka iya ganewa. Musamman irin mai ɗan jan ɗigo da ke kamawa a tsakiyar gicciye: zai zauna daram a kan wani baƙin abu da ke bakin kurmi, ya ba ka ƙarfin gwiwar da ba ka cancanta ba. Doka ta yanka lokaci. A jihohi da dama na Amurka, daga rabin sa'a kafin fitowar rana ne zuwa rabin sa'a bayan faɗuwarta. A Birtaniya sa'a guda ce, a Jamus sa'a ɗaya da rabi. Sai dai agogon doka bai san ranar hadari ba, bai san ƙarƙashin bishiyoyi masu duhuwa ba, inda dare kan riga agogo isowa. Da zarar haske ya ragu sosai idon mutum yana daina rarrabe launi, ja da danginsa su ne ke fara komawa baƙi-baƙi. Ni ma'aunina tabarau ne: in na kalli dabba da shi na kasa ware kunne daga reshe, na kasa ganin inda wuya ya haɗu da kafaɗa, sai in zare harsashi ko da agogo ya ce da saura. Na'urorin nan masu ganin zafin jiki da suka yi yawa yanzu ba su sauya mini ra'ayi ba. A wurare da dama ma ba a yarda a harbi barewa da su ba, kuma abin da suke nunawa fari ne mai ɗumi a cikin duhu. Mutumin da ya sunkuya yana ɗaure takalmi shi ma fari ne mai ɗumi.

Sauran abubuwan dubawa ba su da tsawo. Tazara tsakanin ido da gilashin baya ta kai santimita 8 zuwa 10, in ba haka ba ranar da bindiga ta yi shuri madubi zai tsaga maka gira. Ya kasance a toshe yake ruf, an cika shi da iskar naitirojin ko makamanciyarta don kada ya yi gumi daga ciki in an fita sanyi. Gicciye kuwa, irin mai kauri daga gefe siriri a tsakiya, wanda kamfanin Leupold ya fito da shi a 1962 da sunan Duplex, har yau ban ga wanda ya fi shi ga mai farautar barewa ba, domin kaurin yana jan ido zuwa tsakiya ko haske ya yi ƙasa. Masu ɗigo-ɗigo da lambobi birjik suna da wurinsu, amma a kurmi rufe maka dabbar suke yi. Kada ka yi rowa wajen ƙarafan da ke ɗaure madubi da bindiga. Sannan ka je filin gwaji ka daidaita saiti da ainihin harsashin da za ka yi farauta da shi. A yawancin madubai, ƙas ɗaya na abin murɗawa yana matsar da harsashi kusan milimita 7 a mita 100, a wasu kuma santimita ɗaya.

Duk wannan kayan aiki ne. Inda ɓarnar take faruwa a cikin kai ne, kuma babu gilashin da ke gyara ta.

A watan Nuwamba na 1988, a garin Hermon na jihar Maine a Amurka, wani maharbi ya harbe wata mata, uwar tagwaye jarirai, a filin da ke bayan gidanta. Tana sanye da farin safar hannu. Barewar wannan yankin mai farar wutsiya ce, in ta firgita sai ta ɗaga wutsiyar farin ya bayyana, kuma maharbin ya ce barewa ya gani, ya kuma ga fararen wutsiyoyi. Ba sabon shiga ba ne, ba kuma wanda aka sani da ganganci ba. A 1990 kotu ta wanke shi, har aka samu masu ɗora wa matar laifin sa fari a lokacin farauta, a bayan gidanta. Ce-ce-ku-cen da ya biyo baya ya sa jihar ta yi doka a 1991, kuma ina ganin ya kamata duk mai riƙe bindigar farauta ya san abin da ta ƙunsa ko a ina yake. Ta ce maharbi mai hankali ba ya dogara da sauti kaɗai, ba ya ma dogara da sauti haɗe da ganin wani abu mai kama da sashen jikin dabba. Sai ya ga kai da gangar jiki a sarari ba tare da wani abu ya tare ba. Ta kuma ce shi ne zai ɗauki asarar kuɓucewar dabba, don kada a yi asarar ran mutum.

Abin da ya fi ba ni tsoro a irin waɗannan labaran shi ne masu harbin ba ƙarya suke yi ba in suka ce barewa suka gani. Ƙwaƙwalwa ba ta jira hoto ya cika, guntu take samu ta ƙarasa sauran da abin da take tsammani. Mutum ya kwana yana tunanin barewa, ya ga sabon sawu, ya ji ƙarar ganye, wataƙila ma ya ga barewa ta gaske ta shiga wannan sarƙaƙiyar mintoci kaɗan da suka wuce. Sai wani abu ruwan ƙasa ya motsa a wurin. Ido ya kawo launi da motsi, kai ya sa musu ƙafa huɗu da ƙaho. Gogewa ba ta kare mutum daga wannan, wani lokaci ma ita ke jefa shi, domin gwanin maharbi shi ne wanda ya saba gane barewa daga ganin kunne ɗaya a cikin ganye, ya yi daidai sau da yawa har ya daina shakkar kansa.

Mutanen New Zealand sun sha wannan darasin da tsada. Jar barewa da aka kai ƙasar daga Birtaniya a ƙarni na 19 ta cika dazuzzukansu, kuma daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu mazan suna ruri suna neman mata. Maharba sukan kwaikwayi rurin don su jawo namiji, ka ga ke nan maharba biyu suna iya yi wa juna ruri, kowa yana lallaɓowa wajen ɗan'uwansa da bindiga a hannu. Wani rahoto da wani sufeton 'yan sandan ƙasar ya fitar a 2003, bayan ya bi diddigin mace-macen farautar barewa na shekaru, ya nuna cewa galibi mai harbin da wanda aka harba tare suka fito farauta. Sun rabu a daji, kowa ya ɗauka ya san inda ɗayan yake. Cikin ƙa'idoji bakwai na riƙe bindiga a ƙasar, ta huɗu ita ce ka tantance abin harbinka har babu sauran shakka. Suna kuma koyar da abu biyu da na ɗauka na riƙe. In ka daina ganin abokin farautarka, farauta ta tsaya har sai kun sake ganin juna. Kuma duk motsi, duk launi, duk sauti, duk siffa, ka ɗauka mutum ne har sai ka tabbatar ba shi ba ne.

Wannan na biyun ya juya tambayar gaba ɗaya. Mai tambayar kansa "barewa ce?" yana neman abin da zai ce masa e, kuma zai samu. Ni dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce in ƙi tsayawa a kan "barewa ce", in wuce zuwa "wace barewa ce?" Mace ce ko namiji? In namiji ne, rassan ƙahonsa nawa? In babu ƙaho, uwa ce, ko ɗan bana ne namiji da ƙahonsa bai wuce ƙululu biyu a goshi ba? Ita kaɗai ce ko da wani a bayanta? Ba za ka iya amsa waɗannan daga ganin gashi a tsakanin ganye ba, dole ka jira kai ya fito, ka kalle shi da kyau. Doka ma a wurare da yawa tana tilasta maka hakan. Jihar Pennsylvania ta Amurka tun 2002 ta ƙayyade yawan rassan da ƙaho zai kai kafin a harbi namiji. A Birtaniya nau'in barewa shida ne ke yawo a daji, lokacin farautarsu ya bambanta daga nau'i zuwa nau'i, a yawancinsu kuma na maza daban na mata daban. An yi waɗannan dokokin ne don kula da garke, amma wanda ya tsaya ƙirga rassan ƙaho da wuya ya harbi mutum.

Rigar ruwan lemo mai ƙyalli ta ceci rayuka, ba na musu. A Amurka, jihar Massachusetts ce ta fara wajabta ta a farkon shekarun 1960, jihohi da yawa suka bi, kowace da ma'auninta. Pennsylvania tana neman inci murabba'i 250 a kai da ƙirji da baya, Wisconsin kuwa a 2016 ta halatta ruwan hoda mai ƙyalli a madadinta. Masu tsoron barewa za ta hango su su kwantar da hankali: idonta nau'i biyu ne kawai na ƙwayoyin gane launi yake da su, namu uku, tana ganin shuɗi sosai amma ruwan lemo ba ya yi mata ihu yadda yake yi mana. Motsinka da warinka ne ke tona ka. Sai dai rigar tana da wata illa da ba a cika faɗa ba, tana koya wa maharbi cewa abin da ba ruwan lemo ba dabba ne. Mai yawon shan iska bai san an buɗe lokacin farauta ba. Manomi yana duba shingensa da rigar da ya ga dama. Ga mai saran itace, ga yaro da karensa. Ganin ruwan lemo yana ce maka kada ka harba, rashin ganinsa bai ce maka komai ba.

Ko ka tabbatar barewa ce, ka san wace ce, saura rabin aikin. Harsashin .30-06 yana barin bakin bindiga da gudun da ya haura mita 800 a daƙiƙa ɗaya, in aka harba shi sama-sama yana iya wuce kilomita 4 kafin ya faɗi. A nisan farauta kuma sau da yawa ratsa barewa yake yi ya fita ta ɗaya gefen da sauran ƙarfinsa. Saboda haka tambayar ita ce, in ya fita ina zai tsaya? Amsar da nake karɓa guda ce: ƙasa, wadda nake gani da idona, tudu ko gangaren da ke bayan dabbar. Kurmi ba ya tare harsashi, ɓoye maka abin da ke cikinsa kawai yake yi. Ruwa da dutse da ƙasar da ta daskare suna sa shi ya yi tsalle ya canza hanya. Barewar da ta tsaya a kan ƙoƙuwar tudu, sararin sama a bayanta, ita ce mafi kyan gani a madubi, kuma ita ce ba a harbi ko ƙahonta ya kai ina. Wannan ne babban amfanin kujerar dako ta kan bishiya, harbi daga sama ƙasa yake nufa. Barewa mai gudu kuwa na bar wa wasu. Mai bin ta da madubi idonsa a kanta yake, bayanta yana sauyawa kowane taku, bai san inda bakin bindigarsa ya share ba.

Akwai wani ƙaramin abu da ke kama har tsofaffin hannu. Madubi yana sama da bakin bindiga da kusan santimita 4. Kana iya ganin barewa tas a gilashi alhali bakin bindigar yana fuskantar reshe, ko dutsen da ka kwanta a bayansa, ko sandar shinge. Kafin ka kai yatsa, ɗago kai ka dubi abin da ke gaban bakin.

In an dace an samu, hatsarin bai ƙare ba, ya dai koma kanka. Yanzu kai ne ke tafiya a daji tare da gashi ruwan ƙasa da ƙaho, a daidai lokacin da wasu ke zaune suna jiran ganin gashi ruwan ƙasa da ƙaho. Kada ka kuskura ka saɓa barewa a kafaɗa, komai ƙanƙantarta. Ja ta a ƙasa da igiya. Ina ajiye wata rigar ruwan lemo ta biyu a jaka don wannan kawai, in lulluɓa wa dabbar, in ɗaura wani ƙyallen a ƙaho. In za ka sunkuya ka yi fiɗa, rataya hularka mai launi a reshen da ke sama da kai, domin mai sunkuyo a kan barewa daga nesa siffarsu ɗaya ce. Farin hankici da farar takarda su zauna a aljihu. In duhu ya same ka a hanya, kunna fitilar goshi ko da kana ganin gabanka, kuma ka riƙa magana ko fito yayin da kake tafiya.